Wa ya taɓa kiwon shinshila a Yamai? Ɗaya na so na, ɗaya kuma gudu na take

Maman Nana, Yantala

Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya gida ya iyali. Don Allah tambaya gare ni ga masu kiwon ƙananan dabbobi, ko wanda ya taɓa zama waje ya san wannan dabba da ake ce ma shinshila, a takarda chinchilla ake rubutawa. Ga wanda bai taɓa gani ba, ƴar dabba ce kamar an haɗa zomo da kurege, kunnuwa manya, wutsiya buzu-buzu, gashinta kuwa wallahi in ka shafa sai ka ji kamar iska ka taɓa don laushi.

Wata Nasara ce da na yi ma aiki shekara huɗu a Plateau za ta koma ƙasarsu, abin ya zo mata da gaggawa ba ta samu damar tafiya da su ba, sai ta bar mini su biyu da kejinsu, da buhun busasshiyar ciyawa, da ƙurar wankansu, da ɗan termometir na bango, tana kuka tana ce mini amana. Tun Disamba suna wurina, wata uku kenan. Ta ce duka mata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsu uku. Sunayen da ta sa musu ba su zauna a bakin yara ba sai muka sa musu Toka da Gimbiya.

To ga matsalar. Toka ba ruwanta, da an yi kiran magariba za ka ji ta fara tsalle daga katako zuwa katako, in na shigo ɗakin sai ta miƙe kan ƙafafun baya ta riƙe wayar keji da ƴan hannuwanta tana kallo na, in na buɗe ƙofa ta hau hannuna ta bi har kafaɗa tana ɗan cizon bakin hijabina a hankali, in na sosa mata ƙarƙashin haɓa sai ta karkata kai ta lumshe ido ɗaya. Amma Gimbiya fa, wata uku ban da gashin bakinta ba abin da nake gani daga cikin akwatinta in ina wurin. Cikin dare wani lokaci sai ta yi ta wani haushi kamar ɗan kwikwiyo, sau biyar sau shida a jere. Ran nan ɗiyata Nana ta miƙa hannu ciki, sai ta miƙe tsaye ta fesa mata fitsari. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma, satin da ya wuce na kama ta don in share akwatin, ta fizge, sai ga gashinta cike da tafin hannuna, wurin ya zama fili a bayanta, na zauna na yi ta kuka na ɗauka na ji mata ciwo.

Shin haka halinsu yake ne kowa da nasa, ko ni ce na ɓata da ita? Ko kewar uwar ɗakinta take? Ya zan yi ta saba da ni? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Ader, Tawa

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ban taɓa riƙe irin wagga dabba ba, zomaye ni ka kiwo nan Tawa, amma na karanta zancenki sai gabana ya hwaɗi, don ke kina zancen hali ni kuwa rana ni ka tunani. Cikin sanyi sunka zo hannunki, hunturu ya ruhe miki asiri, yanzu ga Maris ta kamo hanya. Ke kin san Afrilu da Mayu a Yamai, digiri 42 har 45 da rana, dare ma bangon ɗaki hucin wuta shi kai. Bara zomayena bakwai sunka mutu rana guda tsakanin azahar da la'asar, ga inuwa ga ruwa na aje musu, kuma zomo bai kai rabin gashin wanga abu ba. Kilim, wato na'urar sanyaya iska, gare ki a ɗakin? In kuran, wato wutar lantarki, ya yanke hwa, mi kinka tanada? Ki amsa wanga tukuna kahin mu zo ga wadda ka gudunki.

Maman Nana, Yantala

Malam na gode. Kilim akwai a ɗakin, tsohuwa ce amma tana aiki, matar ta ja mini kunne sosai a kan zafi. Gurup ne, wato injin ba da wuta, ba mu da. Bantilatar, wato fanka, mai caji gare mu guda biyu, da su nake shirin taimaka musu in wuta ta tafi.

Tanti ta Liyon

Salam Maman Nana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan riƙon amana. Ni ƴar Bukoki ce amma shekara goma sha shida ina Faransa, kuma na riƙe shinshila uku cikin shekara tara, biyu na nan da rai yanzu haka ina rubutun nan ina jin ɗaya na gurgurar itace. Don haka ki kwantar da hankalinki in ba ki abin da na gani da idona.

Da farko gashin nan da ya zube a hannunki, ba ciwo kika ji mata ba. Haka Allah ya halicce su, a can ƙasarsu tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, wajen arewacin Shili, in mujiya ko yanyawa ta cafke su sai su saki gashin wurin su tsere, maƙiyi ya tashi da gashi a baki. Zai sake fitowa, sai dai yana ɗaukar makonni har watanni kafin wurin ya cika daidai da sauran. Amma abin da yake gaya miki shi ne a wannan lokacin ta ɗauke ki kamar mai farautarta, saboda hannu ya zo mata daga sama ya damƙe baya, haka shaho ke yi. Kada ki ƙara kama ta daga sama, kuma kada ki ƙara fiddo ta daga akwati da ƙarfi, akwatin nan shi ne raminta, in ta gane ko can ba ta tsira ba to ba inda za ta natsu a gidan. Ki jira sai ta fito da kanta da dare sannan ki ɗauke akwatin ki share.

Maganar hali kuwa, wallahi gaskiya ne kowace da nata, kuma ba laifinki ba ne. Ai mu ma muna cewa ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Na farkon da na samu namiji ne, kwana biyu ya saba da kowa, har baƙi yake hawa, ya shiga hannun riga ya fito ta wuya, ba abin da ya bari bai ɗanɗana ba, littafin ɗana na lakwal, wayar caji, ƙafar kujera. Ta biyun mace, ita ce irin Gimbiyarki. Wata bakwai na yi kafin ta karɓi abu daga hannuna, ban ƙara ba ban rage ba, kuma har yau shekara shida ba ta yarda a ɗauke ta. Amma kullum da dare in na zauna ƙasa a salon ina duba waya, za ta zo ta zauna kan ƙafata ta yi shiru, wani lokaci ta ɗan tsefe mini yatsa da haƙoranta a hankali kamar yadda suke ma junansu kwalliya, in na motsa hannu zan shafa ta sai ta bar wurin. Da farko abin ya yi mini zafi, daga baya na gane iyakar soyayyarta kenan kuma ba ƙarama ba ce, don mijina ko kusa da shi ba ta zuwa. Ta ukun kuma mai faɗa ce, ita ke cin abinci farko, ita ke shiga wanka farko, in aka canza wurin kwanon abinci sai ta kifar da shi.

Fesa fitsari da kika gani matan sun fi yi, ma'anarsa kawai ka matsa ka ba ni wuri. Haushin dare kuma ƙararrawa ce, ta ji wani abu ne da bai kwanta mata ba tana sanar da ƴar uwarta, kunnensu ya fi namu nesa ba kusa ba, ko mage a kan katanga ko ƙarar moto a lungu ya isa. Ki duba ko akwai magen maƙwabta da ke zuwa bakin taga.

Abin da ya yi mini aiki shi ne lokaci guda kullum, bayan isha'i lokacin da suka farka sosai, don da rana barci suke kuma wanda aka tasa daga barci ba ya fara'a. Ki zauna ƙasa kusa da kejin, kada ki kalle ta ido cikin ido, ki yi ta magana a hankali ko ki yi lazimi, ki ɗora hannu a bakin ƙofa ki bar shi nan kamar itace. Toka za ta zo ta yi ta hawa, ki ƙyale ta, Gimbiya na kallo daga ciki kuma daga ƴar uwarta za ta koya. Yara su dakata da sa hannu sai nan gaba, Nana ta zauna bayanki ta yi kallo kawai. Kuma ki samo busasshen zoɓo irin wanda muke bisap da shi, mai tsabta wanda bai sha ƙura ba, nan Turai da tsada muke sayen irinsa a shagon dabbobi ke kuwa ga shi nan a kasuwa, ki gutsuri ɗan kaɗan kamar farce, ki riƙa ba su sau biyu ko uku a sati. Da farko ki ajiye a bakin akwatinta ki janye hannu, bayan kwanaki ki riƙe a yatsa ki jira.

Kewa kuma e, tana iya yiwuwa, suna gane murya da ƙamshin mai su, ga sabon gida ga sabuwar hayaniya. Dabba ce mai tsawon rai, shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne, wasu har 20, wata uku a wurinsu yanzu aka fara gaisawa.

Amma ɗan uwanmu na Tawa ya yi gaskiya fa, ni ma da na ga Yamai a kan rubutunki sai da na ce innalillahi.

Abba Talaje

Don Allah ku yi haƙuri da tambayata, ni ban san ta ba ne. Ana cin namanta ne kamar zomo ko ɓeran Masar, ko don sha'awa kawai ake ajiyewa? Kuma ana samu a kasuwa nan?

Tanti ta Liyon

Don sha'awa ne ɗana. Asali saboda fatarta aka san ta, an yi ta farautarsu ana ɗinka rigunan sanyi masu tsada har sai da na daji suka kusa ƙarewa, yanzu haka suna cikin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu kuma an hana kama su. A 1923 wani injiniyan ma'adinai ɗan Amurka Mathias Chapman ya kai guda 11 Kalifoniya daga Shili, yawancin na gida da ake gani yau jikokin waɗannan ne. Ni dai ba zan ba kowa shawara ya nemo ta ya kawo Nijar ba, Maman Nana amana ce ta faɗo mata shi ya sa.

Mai duba dabbobi, Harobanda

Assalamu alaikum. Aikina kenan duba dabbobi, ko da yake tumaki da kaji da karnuka sun fi yawa a hannuna. Yaya Maman Nana, zan fara da bantilatar ɗin nan da kika ambata domin nan haɗarin yake. Mu iska na sanyaya mu ne saboda muna zufa, zufar ta bushe jiki ya yi sanyi. Shinshila ba ta zufa, kuma a rami ɗaya na fata inda mutum ke fidda gashi ɗaya ko biyu ita tana fidda sama da 50, ki ɗauka bargo ne mai kauri ta lulluɓa da shi wanda ba ta iya cirewa. In ɗaki ya kai digiri 35 kika kunna mata bantilatar, iska mai digiri 35 kike hura mata kawai. Inda suka fi jin daɗi tsakanin 15 da 21 ne, daga 25 an fara shiga damuwa, in ya wuce 27 ko 28 ya daɗe a haka zafi na iya kashe su cikin ɗan lokaci. Kin ga ko tsakar dare a watan Mayu Yamai ba ta cika sauka ƙasa da hakan ba. Damina ma ba hutu ba ce, don zafi da laima in sun haɗu sun fi muni a gare su.

Alamar da za ki riƙa dubawa kunnuwa ne, ta nan suke fidda zafi. In kika ga sun yi ja, jijiyoyin sun fito raɗau, tana kwance a gefe ta miƙe tana numfashi da sauri ko miyau na zuba, to an shiga gaggawa, ki kai ta wuri mai sanyi nan take, ki shafa ma kunnuwa da ƙafafu ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, sannan a nemi likitan dabbobi. Don yankewar kuran na awa ɗaya ko biyu, ki riƙa ajiye gorunan ruwa uku huɗu a firigo su daskare, in wuta ta tafi ki naɗe su da tsumma ki jera a jikin kejin ta waje inda haƙori ba zai kai ga roba ba, ki sa fallen karo, wato tayil na daɓen ɗaki, ko dutse mai santsi da ya kwana a firigo a ciki su kwanta a kai, ki rufe ƙofa da taga sanyin kilim ya daɗe. Termometir ɗin ki sauko da shi daidai tsayin kejin, ba can sama a bango ba. Amma gaskiya wannan dabara ce ta ɗan lokaci, ba za ta riƙe yini guda ba. Ki fara neman gidan ɗan uwa ko aminin da ke da sola da batura masu ɗaukar kilim dare da rana, su yi bazara a can. Kuma in za a kai su, da asuba, cikin mota mai sanyi, ba a kan moto ba.

Wani abu da ya haɗa zancena da na Tanti, zafi da ciwo suna canza hali. Dabbar da ke jin zafi ko haƙori na damunta za ta ɓuya, ta ƙi hannu, ta yi faɗa. Don haka kafin mu ce halin Gimbiya ne kawai, ki duba min abu uku. Tana cin ciyawa sosai? Kashinta fa, ya kamata ya zama busasshe dogo-dogo kamar ƙwayar shinkafa mai kauri kuma da yawa, in ya ƙanƙance ko ya ragu akwai matsala a ciki. Sannan haɓarta a bushe take ko a jiƙe? Haƙoransu 20 ne kuma duka ba sa daina tsiro har mutuwa, ciyawa ce ke goge su, in ba su samu ba na ciki su yi tsini su soki harshe ko kumatu. In kin hango na gaba sun yi ruwan goro kada ki tsorata, lafiyarsu kenan, fari ne abin damuwa. Ki samu ɗan sikelin kicin ki riƙa auna su duk sati, babba na kaiwa garam 400 zuwa 800, raguwar nauyi ita ke fara nuna ciwo tun kafin ido ya gani.

Abinci kuma ki yi hattara da tausayi irin namu na gida. Gujiya, ƙuli-ƙuli, dabino, mangwaro, burodi, ɗanyen ganye, duk a'a, cikinsu an yi shi ne don busasshen abu marar mai marar zaƙi, kumburin ciki da zawo na saurin kayar da su. Harawa kada ta zama ita ce abincin yau da kullum, ta yi musu nauyi, ciyawa busasshiya mai tsabta marar funfuna ita ce tushe, kuma duk sabon abu a shigo da shi kaɗan-kaɗan a gauraye da tsohon. Tun yanzu ki lissafa kwana nawa buhun da aka bar miki zai kai, ki nemi mai zuwa daga waje ya riƙo miki, haka ma ƙurar wankan. Kada ki musanya ta da yashin bakin kogin Isa ko tokar murhu, yashi na karya gashi, toka na cin ido, tasu daga dutsen aman wuta ake niƙa ta. Ruwa kuwa ko kusa, gashin ba ya bushewa da wuri sai ƙyasbi ya kama fata. Wankan ƙura sau biyu ko uku a sati minti goma ya isa, da busasshiyar iskarmu ma sau biyu ya fi.

Maman Nana, Yantala

Jama'a na dawo, ku gafarce ni kwana tara shiru. Allah ya saka muku da alheri, Tanti wallahi kamar kina cikin ɗakin kike bayani. Magen maƙwabta ce kuwa, na kama ta zaune a bakin taga da dare, mun sa labule mai kauri kuma tun ranar sau ɗaya kawai na ji haushin. Likita na duba, haɓarta a bushe, kashin kamar yadda ka faɗa, na auna su, Toka a cikin kwano garam 560, Gimbiya 610, ita Gimbiya akwatin gaba ɗaya na ɗora a sikeli da ita a ciki daga baya na cire nauyinsa don kada in sake kama ta. Dabino ne na kasance ina ba Toka rabi-rabi saboda yadda take roƙo, na daina.

Zama kuma ina yi kullum bayan isha'i. Kwana shida ba ta ko leƙo ba, zoɓon da nake ajiyewa sai na fita take ɗauka, ko kuma Toka ta riga ta. Daren jiya ina zaune ina jan carbi, hannuna ɗaya a bakin ƙofa da guntun zoɓo, Toka ta gama hawa da sauka ta tafi cin ciyawa, sai na ji gashin baki na taɓa mini yatsa. Ban juya ba, numfashi ma da ƙyar nake yi. Ta miƙo wuya iya tsawonsa ƙafafun baya na cikin akwati, ta fizge ta koma, ina jin ƙurus ƙurus daga ciki. Nana na bayana ta toshe baki da hannu biyu don kada ta yi ihu.

Malam Ɗan Ader maganarka ta hana ni barci, shekaran jiya da rana kuran ya tafi awa biyu termometir ya hau 26 duk da gorunan ƙanƙara, kuma yanzu Maris ta fara. Na yi magana da ƙanen maigidana a unguwar Kwara Kano nan Yamai, yana da sola da batura, ya yarda su zauna a ɗakin da yake aiki har damina ta zauna, zan riƙa zuwa da dare in ba su abinci. Abin da ke damuna yanzu, ga Gimbiya ta fara sakin jiki kuma zan sake canza mata gida. Tanti in na kai su da akwatinta yadda yake ban wanke ba, da tsohon hijabina a kusa da kejin, zai rage mata firgici? Juma'a da asuba muke son kai su.